Masarar Malachy a Dajin Gwamnati

"Ajiye turken nan tukuna, Baban Harrison, ka zo ka faɗa mini mene ne wannan."

Celina na tsaye a bakin gareji cikin kayan aikinta, jaka a kafaɗa, doguwar ambulan a hannu. Takardar inshora ta shiga nema a akwatin gaban mota, sai ta ci karo da ita a ƙarƙashin tsofaffin rasitan mai, an buɗe ta an sake ninkewa da kyau. Malachy, mijinta na shekara talatin da ɗaya, bai ajiye turken ba. Ya ƙarasa da shi bayan mota, ya jera shi kusa da 'yan'uwansa uku, sannan ya karkaɗe hannu. Da kansa ya zuba turakun nan na siminti a bokitan fenti, ya zana farkon harufan sunansa da ƙusa tun simintin bai bushe ba. Su ne za su tsaya masa a iyakar filinsa.

"Takardar gwamnati ce," ya ce. "Kin san su da son rubutu."

"Na san su da son rubutu, na kuma san ka da ƙin karatu. Dala dubu biyu da ɗari bakwai ɗin nan ta mece ce?"

"Kuɗin ƙasa ne. Ko a Jos ai ana rubuto wa mutum kuɗin ƙasa. Wa kika taɓa gani ya biya?"

Celina ta dube shi. Ba yau ta fara jin wannan muryar ba, muryar mutumin da ya riga ya gama shawara da kansa, ya kuma ba kansa gaskiya.

Malachy direba ne, marasa lafiya yake kaiwa wankin ƙoda. Cikin waɗanda yake ɗauka akwai wani tsohon Bature na garin Summerfield, sau uku a mako har shekara biyu, tun suna gaisuwa har suka koma hira. Tsohon yana da ɗan gidan hutu na katako a kan duwatsu, tafiyar awa uku yamma da Greensboro, garin da suke zaune a Amurka, a tsakiyar gandun dajin gwamnati. 'Ya'yansa ba sa so, shi kuma ƙafa ta ƙare. Ya sayar wa Malachy da araha, irin arahar da ya kamata ta sa mai hankali ya ƙara tambaya. Kuma a yi wa tsohon adalci, bai ɓoye komai ba. Ya faɗa masa a fili cewa ƙasar ta gwamnati ce. Malachy ya yi dariya ya ce ai su ma a ƙasarsu haka ne, duk ƙasa a hannun gwamna take, a ba ka takarda, ka noma, 'ya'yanka su gada, a binne ka a ciki. Tsohon ya ji daɗi da ya sami mai saurin ganewa. Kowa ya koma gida yana murna an fahimce shi.

Lahadin da ta biyo baya Malachy ya tashi a coci ya ba da shaida. Ya ce Ubangiji ya mayar masa da abin da aka ƙwace masa, ya ba shi ƙasa a Amurka, har da rafi. Matan zumunta suka yi guɗa. Celina ma ta yi, don ta san abin da aka ƙwace ɗin. Shekarar da aka tashi ƙauyensu a kudancin Filato, da rigar jikinsa kawai ya fita, kuma har yau babu wanda ya koma. A can cibiyarsa take binne, a gindin ɗorawar bayan gidansu, tare da ta ubansa da ta ɗansu Harrison. A gidansu Malachy ba a yar da cibiyar yaro, ba a kuma binne ta a ƙasar wani. Sai ƙasar da gidan ke da ita.

To, ga shi an haifa wa Harrison ɗa, Nanven, wata uku ke nan. Cibiyar da ta faɗi tana nan cikin gwangwanin alawa, nannaɗe da farin ƙyalle, a aljihun rigar Malachy. Gobe Asabar mutum talatin za su hau dutsen, fasto ya yi addu'a, a kafa turaku, a binne ta. Akuyar da aka yanko a wata gona a McLeansville ta cika firij tun jiya.

Celina ta ɗauki hoton takardar, ta tura wa Harrison, ta kira shi ta buɗe sifika don ubansa ya ji da kunnensa.

"Momi," in ji Harrison bayan ya karanta, "na gaya wa Dadi tun farko. Ba fili ya saya ba. Gidan kawai ya saya, katako da rufi. Ƙasar famit ce, izini kawai, kowace shekara ana biya, in ba a biya ba su soke. Amma shafi na biyun ya fi muni. Sun je dubawa sun ga ya yi shuka. Sun ba da kwana talatin a cire komai."

"Kwana talatin daga yaushe?"

"Daga ranar da aka rubuta. Monday zai cika, Momi."

Celina ta juya ta dubi mijinta. Yana can yana gyara zaman garma a bayan mota, garmar da ba ta nemi a gyara ta ba.

"Yaran nan na yanzu," ya ce, bai ɗago ba, "da sun ga hatimi sai jikinsu ya ɗau rawa."

Ta sallami Harrison. Ta kira Safia, 'yar Gana da suke aiki tare a gidan kula da tsofaffi, ta roƙe ta ta riƙe mata aikin yau, ita za ta rama mata ranar Lahadi. Safia ta ji labarin a taƙaice ta yi tsaki.

"Je ki, Anti. Maza duk ɗaya ne, ko na Kumasi ko na Jos."

Celina ta miƙa hannu. "Ba ni makulli. Ofishinsu za mu je yau, kafin ka tara mini jama'a a gonar mutane."

Ita ta tuƙa. Daga Greensboro suka bi ta Winston-Salem. Turakun siminti na gwaruwa a baya duk sanda ta taka burki, kuma kowace gwaruwa sai ta ji shi har cikin haƙoranta. Wata biyar ke nan duk Asabar yana wannan hanyar shi kaɗai, ya dawo da laka a takalmi yana waƙa. A gida kuwa famfon kicin na ɗiga tun Ista, katangar baya ta karkata. Gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.

"In mun je," ya ce can, "ki bar ni na yi magana. Ma'aikacin gwamnati ko'ina ɗaya ne. A gaishe shi, a tambayi iyalinsa, a nuna masa an san girmansa."

"Kar ka kuskura ka sa hannu a aljihu."

"Wa ya ce zan sa hannu a aljihu?"

"Na ga kwalbar zumar da ka ɓoye a ƙarƙashin kujera."

Ya juya yana kallon itatuwa ta taga.

Ofishin gandun dajin ɗan gini ne a gindin dutse, da tuta a ƙofa da taswira a bango. Malachy ya shiga yana neman babban malamin daji, sai aka nuna masa wata yarinya da ba ta wuce sa'ar Harrison ba, da koren wando da gashi ɗaure a baya. Ta karɓe su da fara'a, ta ba su kujeru, ta jawo fayil. Malachy ya tambayi lafiyar iyayenta. Ta ce suna lafiya, ta gode, ta buɗe fayil ɗin.

A ciki akwai hotuna. Ga kunyoyi goma sha biyu a miƙe sambal a gefen gidan katakon, ga masara ta kai ƙugu a lokacin da aka ɗauka, ga kuɓewa, ga shingen rassa da ya kewaye su da shi. Celina ba ta taɓa ganin gonar ba sai yau. Duk da haushin da ke cinta, sai da ta yarda a ranta cewa kunyar ta yi kyau.

Yarinyar ta yi bayani a hankali, da Turancin da ake yi wa wanda ba a so a ɓata masa rai. Gidan nasa ne, ta ce, zai iya sayarwa, zai iya bar wa ɗansa. Amma ƙasar da gidan ke kai ta dukan jama'ar ƙasa ce, izini kawai aka ba shi ya ajiye gidansa a kanta, shi ya sa ake biyan kuɗi duk shekara. Ba a shuka, ba a shinge, ba a kafa turke, ba a tare a gidan a mai da shi mazauni. Ko fentin bango za a sake, sai an zo an nuna musu launin.

"A ƙasarmu ma ta gwamnati ce," in ji Malachy, yana murmushin mai koya wa yaro. "Amma ana ba mutum shekara casa'in da tara."

"Nan ashirin ne," ta ce. "Naku saura shida, sai a duba a sabunta."

Celina ta lumshe ido. Shida. Ko makarantar firamare Nanven ba zai gama ba.

Yarinyar ta ƙara da cewa akwai wani sharaɗin kuma, tunda an zo gwamma a ji duka. Dole mai gida ya riƙa zuwa hutu aƙalla kwana goma sha biyar a shekara, in ba haka ba ana ɗauka ba ya bukatar wurin.

Nan Celina ta kasa daurewa, ta juya ga mijinta da Hausa. "Ka ji ko? Su karɓi kuɗinmu, su hana mu shuka, sannan su tilasta mana hutu. Ni da rabona da hutun kwana uku a jere tun bikin Harrison. Kai wane irin ciniki ka yi, Baban Harrison? Ko akuya mutum zai saya ai yana buɗe bakinta ya duba haƙori!"

"Ki yi a hankali, tana jin ki."

"Ta ji mana. Ita ai ta karanta takardarta."

Yarinyar ta jira suka gama, sannan ta ce maganar masarar ba don a takura masa ba ne. Masara tana jawo beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai farata, kuma beyar da ta saba samun abinci kusa da gidaje ƙarshenta harbi ne. Maƙwabcinsa na sama ya riga ya ga ɗaya sau biyu a makon nan. Celina ba ta taɓa jin sunan dabbar nan ba sai a karatun coci, ba ta san za ta zo ta zama maƙwabciyarsu ba.

Malachy ya gyara zama. Ya sa hannu a aljihu, Celina ta zaci kuɗi zai ciro, amma gwangwanin ya fito da shi, ya ajiye a kan tebur ya rufe da tafinsa. Muryarsa ta sauka.

"Ɗan rami fa? Kamar haka kawai." Ya nuna tsawon hannunsa zuwa gwiwar hannu. "Wani abu ne na jikana zan sa a ciki. Ba zai tsiro ba, ba zai jawo dabba ba."

Yarinyar ta dubi gwangwanin, ta dube shi. Ba ta tambayi abin da ke ciki ba, kuma Celina ta ga girmanta saboda haka. Ta ce ta yi haƙuri, ba ta da ikon ba da izinin binne komai a ƙasar daji.

"To, in na biya," ya ce, "na biya bana, na biya baɗi, ban taɓa fashi ba, ɗana ma ya biya bayana. Yaushe za ta zama tamu?"

"Ba za ta zama ba, yallaɓai," ta ce. "Ko shekara ɗari aka yi ana biya."

Celina ta shirya maganganu tun daga Greensboro, ta jera su, ta wasa su, tana jiran daidai wannan lokacin. Da ta ga yadda ya mayar da gwangwanin aljihu, da hannu biyu, a hankali, sai ta ji duk sun zube. Abin ya ƙara ba ta haushi. Mutum ya yi maka laifi, sannan ya hana ka daɗin yi masa faɗa.

Daga ofis zuwa gidan minti ashirin ne a kan hanyar tsakuwa. Wurin yana da kyau, ba za ta yi ƙarya ba. Iska mai sanyi, rafi na gudu a ƙasa, dogayen itatuwa sun rufe sama. Duwatsun ma in mutum ya ƙanƙance ido sai ya ce na gida ne. Ta gane abin da ya ruɗe shi.

Gonar kuwa an riga su. Shingen rassan ya faɗi ta gefe guda, kunya biyar an tattake su, karan masara a kakkarye, ga ɓawo da totuwa warwatse ko'ina. A cikin laka ga sawu nan, faɗinsa ya kai faranti.

"Mai wurin ya zo ya ɗebi rabonsa," in ji Celina. "Shi ko takarda bai aiko ba."

Malachy bai yi dariya ba. Ya tsaya a bakin kunyar da ta tsira, ya kama wani goyon masara, ya ɓare bakinsa da farce. Ƙwayar fara ce fat, ruwa-ruwa. Mako biyu kawai take nema.

"Irin gida ne," ya ce. "Shekara tara ina ajiye da shi a kwalba. Ban zaci zai tsiro ba."

Celina ta tuɓe takalman aikinta, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta shiga gonar. In aka tsaya jimami, Litinin za ta zo ta same su a nan. Ta kama kara ta fizge, ta karkaɗe ƙasar saiwar, ta jefar gefe. Ta kama na biyu. Sai a na biyar ta ji motsinsa a bayanta, ya ɗauko garma yana baje kunyoyin da ya tayar da hannunsa. Rabonta da aikin gona tun tana budurwa, kuma ba ta taɓa tsammanin ranar da za ta koma ba, cire shuka za ta yi maimakon girbi. Bayanta ya riƙe, ƙaiƙayin ganyen ya cinye mata hannuwa. Tana cira tana mita, ta yi da tsohon Summerfield, ta yi da gwamnati, ta yi da beyar, ta dawo kan Malachy, ta sake zagayowa.

Awa biyu suka yi. Suka tattara karan cikin manyan ledoji don kada a bar wa dabba, suka wargaza shingen. Ta zaɓi goyo shida da suka fi ƙwari ta sa a jakarta, ko za su yi gwate, faten nan na gida. Ta ɗauki hoton wurin ta kowane gefe, yadda yarinyar ofis ta ce a turo mata.

Da ta juyo, Malachy na tsugune a gindin wata bishiya a bayan gidan, garma a gefensa, gwangwani a hannu.

"Babu wanda zai sani," ya ce, bai kalle ta ba. "Minti biyu ne. In na mayar da ganye a kai, ko ita yarinyar ba za ta gane ba."

Gaskiya ne, babu wanda zai sani. Celina ta duba hagu ta duba dama, babu kowa sai tsuntsaye. Ta kuma san in ta ce masa ya yi, zai yi, su koma gida lafiya, ta huta da maganar.

"Kai za ka sani," ta ce. "Babanka da ya binne taka, a ɓoye ya yi, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza? In yaron ya girma ya ce Kaka, nuna mini inda cibiyata take, sai ka ce masa bari mu je mu nemi izini? Kayan aro ba ya rufe katara, Baban Harrison."

"To ina zan kai ta?" Muryarsa ta tashi, karo na farko a ranar. "Gida? Wane gidan? Ki faɗa mini inda nake da ƙasa a duniyar nan!"

"Inda kake yanka wa ciyawa duk Juma'a kana zagi."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta yi wani yare.

"Wannan tafin hannun?"

"Shi. Shekara goma sha tara muna biyansa, bara muka gama. Da banki ya aiko da takardar, ka karanta? Ba ka karanta ba, ka sa ta a ƙarƙashin talabijin don ya daina girgiɗi. Ni na karanta. Sunanka ne a ciki da nawa, daga bakin titi har katangar da ka ƙi gyarawa. Babu shekara ashirin, babu casa'in da tara."

"Wurin da in ka yi atishawa maƙwabci ya ce maka sannu. Wannan ai ba ƙasa ba ce, tsakar gida ce."

"Ta babanka a ina aka binne? Ba bayan gida ba?"

Ya dubi gwangwanin da ke hannunsa. Rafin na ta gudunsa a ƙasa. Can ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗauki garmar ya nufi mota.

A hanyar dawowa shi ya tuƙa, ita kuma ta kama waya. Ta kira shugabar zumuntar mata ta ce an sauya wuri, gobe a gidansu za a taru, kowa ya zo da kujerarsa. Matar ta so jin dalili. Celina ta ce beyar ce ta shiga gonar, wanda ba ƙarya ba ne, sauran bayanin kuma Baban Harrison zai yi da bakinsa tunda da bakinsa ya ba da shaida. Ta ga kunnensa ya motsa.

"Gidan katakon fa?" ya tambaya bayan sun wuce Statesville.

"Kuɗin bana dai ba makawa, za mu biya. Kafin baɗi ka nemo wani mai saurin ganewa irinka ka sayar masa. Amma kwana goma sha biyar ɗin nan da suka ce dole, ni zan yi su. Zan zauna a barandar nan in miƙe ƙafa, kai kuma ka dafa."

Rana ta yi sanyi sanda suka shigo unguwarsu. Motar Harrison na ƙofar gida, don Celina ta ce masa su zo yau, kar su jira taron gobe. Matarsa Serah na zaune a matakala da Nanven a kafaɗa. Harrison ya taso zai fara magana, uwarsa ta yi masa kallo ɗaya, ya haɗiye ta, ya je ya buɗe bayan mota yana sauke ledojin kara.

Bayan gidan bai fi taku goma sha biyar ba kowane gefe. Injin iyakwandishan na gurnani a lungu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya, karen maƙwabta na leƙe ta ramin katanga. A jikin katangar ne Celina ta yi 'yan kunyoyinta biyu na yakuwa, waɗanda Malachy ke kira wasan yara. Ya tsaya a tsakiyar ciyawar da garma a kafaɗa, yana juyawa a hankali yana duban wurin, kamar baƙon da aka kawo ya ga gidan haya. Ya taka zuwa kusurwar gabas, ya dawo. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa a gefen ciyawar ya murza, jar laka ce mai tauri, ya watsar. Sannan ya nufi wurin da ƙasar ta fi baƙi da laushi, wurin da aka shekara goma sha tara ana zuba wa ɓawon doya da ganyen shayi. Ya cire hularsa, ya ɗaga garma.

"Ba nan ba!" in ji Celina. "Za ka kashe mini yakuwa."

Ya tsaya da garmar a sama. Ya dube ta, ya dubi yakuwar, ya matsa da taku ɗaya zuwa hagu.

"Nan fa?"

"Ƙara kaɗan."

Ya ƙara. Ta karɓi Nanven daga hannun Serah, ta juya fuskarsa wajen kakansa, garma ta shiga ƙasa.